Nasabar Gidan Atiku ɗan Shehu da Labarin Dajin da Sunka Sara, daga Bakura har Bakin Nilu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin damina da rani, mai cika rumbu daga tsabar da anka binne cikin turɓaya. Tsira da aminci su tabbata bisa Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda sunka bi su da kyautatawa.

Bayan haka, ka sani ya kai mai neman sani, sababin rubuta waɗanga takardu wani kuskure ne nawa da na daɗe cikinsa. Na yi shekaru ina faɗa ma almajirai cikin zaure, sarakunan garin Maiwurno na ƙasar Sudan zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne. Abin da ya ruɗe ni suna ne, domin Wurno garin Bello ce, shi ya gina ta, cikinta kabarinsa shike. Wata rana bayan la'asar wani dattijo baƙo shina zamne bakin ƙofa, shi kuwa ya taɓa zama cikin mutanen nan zamanin da ya tafi Hajji ta ƙasa. Bai tanka ba har almajirai sunka watse. Sa'an nan ya matso ya ce, Allah shi gafarta malam, mutanen da ka ba Bello ɗazu, ɗiyan Atiku ne. Kunya ta kama ni. Na koma ga littattafan tarihi na duba, na iske maganarsa gaskiya ce. Na kuma iske wani abu da ban tafi nema ba. Gidan nan na Atiku, uba da ɗa da jika da tattaɓa-kunne, kowannensu an san shi da wani gari na bakin daji inda ya zamna, anka sari gonaki kewaye da shi. Sai na yi niyya in jera nasabarsu tare da garuruwansu, don almajiran da na ɓatar su gyara, don kuma kada wani shi faɗa ramin da na faɗa. Allah nike roƙo dacewa.

Fasali cikin asalinsu. Atiku, sunansa na yanka Abubakar, ɗan Shehu Usmanu ne, Allah shi yarda da shi, ɗan Muhammadu Fodiyo, ɗan Usmanu, ɗan Salihu, ɗan Haruna, ɗan Muhammadu Gurɗo, ɗan Jaɓɓo, ɗan Muhammadu Sambo, ɗan Ayuba, ɗan Masirana, ɗan Buba Baba, ɗan Musa Jokollo. Wanga jeri shi ne na Malam Abdullahi na Gwandu cikin Ida'un Nusukhi, shi kuwa ɗan gida ne, ƙanen Shehu. Cikin waɗansu takardu za ka iske an musanya wurin Ayuba da Masirana, mai kwafa shi kula. Amma abin da ke bisa Musa, na danganta Fulani ga Uƙbatu, malamai sun yi saɓani cikinsa tun dā, har cikin wane Uƙbatu ake nufi, ɗan Nafi'u ko ɗan Amiru ko ɗan Yasiru. Ni ban aza komi bisa kansa ba. Na fara daga Musa, domin daga gare shi ne sunaye ke jere.

Musa Jokollo shi ya fito da jama'arsa Torankawa daga Futa Toro, can yamma bakin kogin Sanagal, sunka yi ta tafiya gabas har sunka sauka Ƙwanni. Tsakaninsa da Shehu haihuwa 11 ce. An haifi Shehu cikin Safar 1168 ta Hijira, wato 1754 ta Miladiyya. In ka ba kowace haihuwa shekara 30 ka sami 330, ka ɗebe su daga 1754, sai ka ga zamanin Musa ya faɗo cikin ƙarni na 15 na Miladiyya. Haka kuwa masu tarihi ke faɗi, wajen 1450 ya iso. Daga Ƙwanni wani reshe ya koma Maratta, can anka haifi Shehu. Daga Maratta Fodiyo ya kai iyalinsa Ɗegel, can kabarinsa shike.

Mutanen nan ba su zama makiyaya masu bin ruwa da ciyawa ba kamar 'yan'uwansu na daji, ba su kuwa zama malaman birni masu kusantar fada ba. Malaman ƙauye ne, da allo da littafi da 'yan shanu, suna zaman kansu gefen ƙasar Gobir. Haka sunka zamna har ranar hijira zuwa Gudu cikin Zulƙida 1218, wato 1804. Sa'an nan yaƙi ya tashi, yunwa da ciwo sunka biyo shi, dukiyar shanu ta lalace hannun mutane da yawa. Anka ci Alƙalawa 1808, Bello ya gina Sakkwato 1809, Shehu ya rasu cikinta 1232, wato 1817. Jama'ar da ta rage tana da ƙasa mai faɗi, ga abokan gaba kowace kusurwa, ga baki da yawa masu neman tuwo.

Mas'ala. Kafin in shiga garuruwa, wajibi ne ɗalibi shi riƙe hukunci guda, in bai riƙe shi ba ba za shi gane abin da sarakunan nan sunka yi ba. Shi ne hukuncin raya matacciyar ƙasa, wadda ba ta da mai ita, ba kuwa haramin wani gari ce ba, wato wurin itacensu da kiwonsu. Ga mazhabarmu ta Maliku, wanda ya raya ta shi ke da ita. In tana kusa da gari sai da izinin shugaba, in tana nesa ba a bukatar izini. Rayawa tana tabbata da abu 7, yadda suke cikin Mukhtasar na Halilu: fid da ruwa kamar gina rijiya, da janye ruwa daga inda ya kwanta, da gini, da dashe, da huɗa, da sare itace, da fasa duwatsu a daidaita ƙasa. Amma kewaye wuri da shinge kurum, ko kiwon ciyawarsa, ko gina rijiyar shayar da dabbobi, waɗanga ba su mallaka ma mutum ƙasa. Ka riƙe wannan da kyau. Bafilace shi yi shekara 40 shina kiwo cikin daji, dajin bai zama nasa ba. Manomi shi shigo da gatari da fartanya damina guda, inda ya sara ya zama nasa. Kuma in wanda ya raya ƙasa ya bar ta har alamar aikinsa ta shafe, zamani ya yi tsawo, wani ya zo ya raya ta, ta zama ta na biyu. Malam Abdullahi ya keɓe ma wagga mas'ala littafi guda, Ta'alimur Radi, cikin sabubban keɓanta da matattun ƙasashe.

Don haka ne, a ganina, Bello ya matsa ƙwarai bisa Fulanin daji su zamna gari, su koyi noma, su rage shanu su riƙa kiwon dawaki da raƙuma da tumaki, ɗiyansu su yi karatu. Ya rubuta cikin wannan, ya kuma aikata. Hanyar da ya bi ita ce ribaɗi, wato gari mai ganuwa bisa iyaka, mutanensa su tsare hanya su kuma ci da kansu. Ya raba ribaɗoɗi ga 'yan gida: Buhari ɗan Shehu shina Tambuwal, Ahmadu Rufa'i shina Silame, Isa autan Shehu shina Kware, Aliyu ɗan Bello shina Shinaka, Fodiyo ɗan Bello shina Lajinge, Bello da kansa ya zamna Wurno. Atiku kuwa anka ba shi Bakura.

Fasali cikin Atiku da Bakura. Atiku da Bello uwa ɗaya uba ɗaya suke, uwarsu Hauwa'u, Bello shi ne babba. Bakura tana tsakanin gabas da kudu da Sakkwato, bisa hanyar Zamfara, kusa da fadamar gulbi. Zaman ribaɗi kuwa ga yadda shike. Da bazara a yi sassabe a toye, ruwa shi sauka a yi shuka da sungumi, gero da dawa bisa tudu, wake cikin tsakaninsu, shinkafa cikin fadama. A yi noman fari, a yi maimai, mai tsaro shina bisa ganuwa shina duban ƙura. Kaka ta yi a ɗaure damma a kai rumbu cikin gari, domin rumbun da ke waje rabon mahara ne. A fid da zakka in hatsi ya kai wasƙi 5, wato sa'i 300, ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga abin da anka shayar da wahalar guga. Rani ya yi, a gyara ganuwa, a ɗaura sirdi. Wanda ya ce ma ka mujahidan farko takobi kaɗai sunka sani, bai san abin da dawakinsu ke ci ba.

Bello ya rasu Wurno cikin Rajab 1253, wato 1837, anka yi ma Atiku mubaya'a. Mutum ne mai tsanani cikin addini, ya hana kiɗa da wasanni, mutane sunka ji nauyinsa. Sarautarsa shekara 5. Ya fita yaƙin Tsibiri da Gobirawa 1842, ya sami rauni, ajali ya cim masa a Katuru bisa hanyar komowa, anka binne shi nan. Don haka ake ce masa Atiku Mai Katuru. Kada ka gama shi da Abubakar Atiku na Raba, wanda ya yi sarauta 1873 zuwa 1877, wancan ɗan Bello ne, sunan baffansa anka sa masa. Daga ɗiyan Atiku biyu sun yi sarautar Musulmi, Ahmadu da Abdurrahmani. Abdurrahmani shi ne na 1891 zuwa 1902, wanda basasar Kano ta auku zamaninsa. Maganarmu ga Ahmadu take.

Fasali cikin Ahmadu da Cimola. Ana masa laƙabi da Zarruƙu, domin sunansa ya dace da na Shaihu Ahmadu Zarruƙu mutumin Fas, mai sharhin Risala, wanda ɗalibai sunka sani. Ka lura da wagga al'ada tamu, laƙabin babban mutum shina bin sunansa duk inda sunan ya tafi, za mu bukace ta nan gaba. Ribaɗin Ahmadu Cimola ce, arewa da Sakkwato, tana fuskantar Gobirawa da Azbinawa. Abin da ya taɓa zuciyata cikin wanga wuri, Cimola maƙwabciyar Ɗegel ce. Jikan ya komo ya raya ƙasar da kakansa ya fita daga cikinta da hijira, kusa da kabarin Fodiyo. Ya gaji Aliyu Babba ɗan Bello 1859, bai bar Cimola don sarauta ba, can ya rasu 1866, can anka binne shi. Cikin zamaninsa ne Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni da Gobirawan da sunka karɓi amana.

Ahmadu ya bar ɗiya, biyu daga cikinsu su ne ginshiƙin wanga labari, Muhammadu Attahiru da Muhammadu Maiturare.

Fasali cikin Maiturare da Gwadabawa. In ana maganar saran daji cikin gidan Shehu duka, ba wanda ya kai wanga bawan Allah. Sarautarsa Marafa. Ya kafa Gwadabawa farkon sarautar Umaru ɗan Aliyu Babba, wanda ya hau 1881. Ƙasar da ke arewa da nan, har zuwa Ƙwanni, yaƙin shekaru ya mayar da mafi yawanta daji, sai mahara da namun dawa. Marafa ya tsare ta da doki, sa'an nan ya kira mutane. Adarawa sunka zo, da Gobirawa, da Buzaye, da Fulani, kowa ya zo a nuna masa inda za shi sara. Ƙauyuka sunka tsiro, ƙasar Marafa ta kai har Tangaza da Gada da Illela. Wagga ƙasa ta rairayi ce, ruwanta kaɗan, gero da maiwa da wake su ne abincinta, sai inda anka dace da fadama. Wuyar kafa gari cikinta rijiya ce, ba sassabe ba, kuma ka tuna rijiya ita ce ta farko cikin abubuwa 7 da munka ambata. Cikin waɗanga shekaru kuma, wajen 1890 da 1891, ciwon bushiya ya faɗa ma shanu ƙasar Hausa duka, ya share garkuna, makiyaya da yawa sunka wayi gari ba abin da ya rage masu sai su kama fartanya.

Faɗakarwa. In ka ce, shin waɗanga sarakuna da hannunsu sunka riƙe gatari? Sai in ce a'a, ba na kuwa ɓoye maka. Sarki shina bayar da izini da tsaro, amma wanda ya sunkuya ya sari kututture talaka ne, ko baƙo, ko bawa. Gandayen manya na kewayen Sakkwato da ribaɗoɗinta, mafi yawan aikinsu bayi ke yi, waɗanda anka kamo wurin yaƙi anka zamnad da su rinji. Su yi aikin gandu, abin da ya rage na yini su duba gayaunarsu. Nasaba tana riƙe sunan mai gari, ba ta riƙe sunan wanda ya gina rijiyar garin, ba ta kuwa riƙe mafi yawan uwaye mata, 'ya'ya ne ko ƙwaraƙwarai. Nasara sun yi doka duk wanda anka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, anka soke bauta gaba ɗaya ƙasar Arewa 1936. Jikokin mutanen rinji suna nan cikin garuruwan, gonakin da suke nomawa kakanninsu ne sunka fid da kututtukansu. Mai karanta nasabar sarakuna shi sa su cikin addu'a tare.

Fasali cikin rabuwar 'yan'uwa biyu. Abdurrahmani ya rasu cikin Oktoba 1902, anka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu. Nasara sun riga sun ci Bida da Kwantagora da Yola da Bauci, sun shiga Zazzau, Kano ta faɗi cikin Fabrairu 1903. Shawara ta kasu uku cikin Sakkwato, a yi yaƙi, ko a yi sulhu, ko a yi hijira. Maganar hijira gabas ba baƙuwa ba ce, domin Bello ya rubuta ma Modibbo Adama na Fombina shi riƙa aika masu leƙen hanya wajen Wadai da Darfur da bakin Nilu, saboda Shehu ya faɗa masu jama'a za ta koma waɗancan wurare ta sadu da Mahadi. Zuciyar Attahiru ta karkata ga tashi. Marafa ya rubuta masa takarda, tana cikin takardun da Nasara sunka tsinta gidan Waziri, anka fassara su anka buga a Ikko 1927. Ma'anar abin da ke cikinta, ya roƙi ɗan'uwansa don Allah kada kowa shi ji maganar tashi daga bakinsa, domin in talakawa sunka ji za su warware biyayya al'amari shi ɓaci, shawararsa a zamna a ga abin da Allah za shi hukunta. Na daɗe ina juya wagga takarda cikin raina. Maganar mutum ce wanda ya ƙare shekara 20 shina tara mutane cikin daji, ya san gona ba ta hawa raƙumi.

Ranar 15 ga Maris 1903, cikin Zulhajji 1320, anka gamu bayan ganuwar Sakkwato, Marafa shina cikin masu jan rundunar. Bindigar Nasara ta watsa su tun da hantsi. Waziri Buhari da waɗanda ke tare da shi sunka taru Marnona, sunka shawarci malamai, sunka komo sunka karɓi zama ƙarƙashin Nasara don kada a bar talakawa ba mai tsayar masu da salla da shari'a. Waziri ya rubuta risala shina bayanin uzurinsa. Alƙali Abdullahi kuwa ya rubuta risala cikin wajabcin hijira. Kowane ɓangare da malamansa da hujjarsa, ni ban isa in shiga tsakaninsu ba. Marafa ya koma Gwadabawa. Gwamna Lugga ya tabbatar da wani Attahiru bisa sarauta bayan kwana kaɗan, shi kuwa ɗan Aliyu Babba ne ɗan Bello. Ga wurin ruɗewa na biyu, Attahiru na farko na gidan Atiku ne, na biyu na gidan Bello.

Attahiru ɗan Ahmadu ya kama hanyar gabas ta Gusau, ya ratsa tsakanin Kano da Zazzau, ya bi ta Misau. Duk inda ya wuce mutane na barin gidaje su bi shi, har Nasara sunka tsorata da yawansu. Ka duba lokacin, ya kai ɗan'uwa, bazara ce da goshin damina, lokacin da manomi ba shi barin gona ko don biki. Sun bar sassabe ba shuka, sun san kuma hukuncin wanda ya bar ƙasa har alamarsa ta shafe. Sunka taru Burmi kusa da dutsen Bima bakin kogin Gongola. Anka yi karo na fari cikin Mayu, Nasara sunka ja da baya. Sunka komo 27 ga Yuli 1903, cikin 1321, anka yi yini ana faɗa. Manjo Mash shugabansu ya mutu da kibiya, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada da mutum fiye da 600, Allah shi jiƙansu.

Wanda ya zamna, ga abin da ya same shi a taƙaice. Iyakar da Ingila da Faransa sunka daidaita 1904 da 1906 ta bar Ƙwanni da Maratta hannun Faransa, yau suna cikin Nijar, Ɗegel da Cimola da Gwadabawa suna cikin Najeriya. Maiturare ya zama Sarkin Musulmi 1915, ya rasu 1924. Ɗansa Muhammadu Tambari ya gaje shi, ya bar sarauta 1931, ya ƙare kwanansa Wukari. Tun daga ranar sarautar Musulmi ba ta koma gidan Atiku ba, amma Gwadabawa ta wanzu hannun zuriyar Marafa.

Fasali cikin Mai Wurno, shi ne maƙasudi. Cikin waɗanda sunka tsira Burmi akwai ɗan Attahiru, sunansa Muhammadu Bello. An sa masa sunan Sarkin Musulmi Bello, wan kakan ubansa ta wajen haihuwa in ka ƙirga daga Ahmadu baffa ne, laƙabin Mai Wurno ya bi sunan yadda Zarruƙu ya bi Ahmadu. Ga asalin kuskurena. Nasabarsa ita ce Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu. Shi ya ja sauran jama'a gabas, marubuta suna ambaton mutum wajen 25,000. Sarkin Misau Ahmadu shina cikin waɗanda sunka isa Sudan, Alfa Hashimu kuwa ya wuce har Madina, can ya rasu. Tafiyarsu irin ta alhazan ƙasa ce, a yi tafiya da rani, inda damina ta riske ka ka ari gona ka shuka, ka girbe ka ƙara gaba. Don haka tafiyar ta ci shekara 3.

Shekarar 1906 sunka sauka Shaihu Ɗalha, bisa gaɓar gabas ta reshen Nilu da Larabawa ke kira Bahrul Azraƙ, garin wani shaihi ne Bafilace da ya riga su zama can. Abin mamaki, sun bar ƙasarsu don kada su zamna ƙarƙashin Nasara, sun iske Ingilishi sun riga su, domin sun karya daular Mahadiyya tun 1898. Hanyar Makka kuwa sai guzuri. Mai Wurno ya ƙetare kogi zuwa gaɓar yamma, kudu da Sinnar kaɗan, anka sari daji anka kafa gari, garin ya ɗauki laƙabinsa. Haka sunan Wurno ya sauka bakin Nilu bisa kan ɗan Atiku. Ƙasar can baƙar laka ce, ba rairayin Gwadabawa ba. Sunka shuka dawa da riɗi da ruwan sama, sunka yi lambu bakin kogi in ruwa ya janye, Hausawa cikinsu sunka kama su da fatauci. Alhazai masu zuwa da masu komowa sunka mai da garin zango, da yawa sunka yada kaya ba su ƙara tashi ba. Ƙauyukan mutanen Yamma sunka yaɗu bisa Bahrul Azraƙ da Dindir da Rahad har ƙasar Gadarif. Mutanen Sudan suna gama su duka, Bafilace da Bahaushe da Babarbare, su ce Fallata, ko Takari.

Shekarar 1925 anka gama madatsar ruwa ta Sinnar, anka buɗe gonakin auduga na Jazira, tsakanin Nilu biyu. A wancan zamani ana yanka ma manomi gona, sunanta hawasha, shi noma auduga, rabonsa 40 cikin 100 na kuɗinta, saura na hukuma da kamfani. Aikin auduga mai cin hannu ne, shuka da cira da tsinka, masu hawasha ba su iya shi su kaɗai. Mutanen Yamma sunka zama ƙashin bayansa, waɗansu sun sami hawasha, mafi yawa sun yi ƙodago cikin ta wani. Mai Wurno ya rasu 1944, ɗansa Muhammadu Ɗahiru, mai sunan kakansa shahidin Burmi, ya gaje shi. Sarautar, da suke kira Sulɗan, ta wanzu cikin zuriyarsa.

Sa'an nan wata jarrabawa ta zo wadda Mukhtasar bai san ta ba. Sudan ta sami mulkin kanta 1956, anka yi dokar zama ɗan ƙasa 1957. Sharaɗinta, mutum shi tabbatar shi ko ubanninsa maza suna zamne cikin ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen Mai Wurno 1906 sunka iso, shekara 8 da 'yan watanni sunka raba su da sharaɗin. Dattijon da anka haifa bakin Nilu, ubansa ya sari dajin da hannunsa, ya gina rijiya, ya yi dashe, ya cika rayawa ta kowace fuska, sai shi tsaya gaban ma'aikaci a tambaye shi shaidar asalinsa. Nasabar da ke ɗaukaka su Sakkwato ita ce hujjar baƙuncinsu Hartum. Wannan ya sa waɗansu Fallata sunka riƙa ɓoye harshensu, waɗansu sunka jingina kansu ga ƙabilun Larabawa. Daga baya anka matso da shekarar sharaɗin zuwa 1924, dokar 1994 kuwa ta mai da ita 1 ga Janairu 1956, jama'ar Burmi da zuriyarsu sunka shiga cikinta. Yaƙin da ya tashi Sudan 2023 ya kai ƙasar Sinnar 2024, mutanen yankin da yawa sunka bar gonakinsu cikin damina. Allah shi kawo masu sauƙi.

Tamat da godiyar Allah, tsira da aminci bisa Manzonsa. Wanda ya kwafa shi gwada sunaye da asali kafin shi bayar.